Abin da Iska Ta Kayar

Habibu da Zahra'u, kun sha tambayata me ya sa Baba, in ya ga dabino a ƙasa a tsakar gidan Hajiya, yake sunkuyawa ya ɗauka, ya hure shi, ya ɗora a kan katanga ya wuce, ba ya ci kuma ba ya kawo mana. Na kuma san abin da kuke ji daga bakin dangin Inna in an kira waya daga Maradi, cewa ni ce na kai ƙarar Kawu Lawali wurin Larabawa. A shekarar da abin ya faru Habibu yana aji ɗaya, ke kuma Zahra'u ba a daɗe da yaye ki ba, saboda haka babu wanda ya riƙe komai a cikinku. Ni ina da shekara goma sha huɗu. Na san kun fi saurin karanta Larabci, amma da Hausa aka yi maganganun, da Hausa zan rubuta su. Ku bi a hankali.

Lokacin, kamar yanzu, muna zaune a Saudiyya, a unguwar Badi'a, a mulhaƙ ɗin Hajiya Ummu Nasir, ɗakuna biyun nan na bayan gida. Inna tana yi mata girki. Baba yana tuƙa ta, amma a wancan lokacin tuƙi rabin aikinsa ne kawai, ɗaya rabin lambu ne. Iƙamarmu duka, wato takardar izinin zama, a hannun Hajiya take, ita ce kafil ɗinmu mai tsaya mana a wurin hukuma, ita ce kuma ta sa baki aka ɗauke ni a makaranta. Kowace shekara a ƙarshen zafi ake sabunta takardun. Ba a maganar wannan a ɗakinmu, amma in lokacin ya matso Inna takan rage gishiri a miyar Hajiya ba tare da an ce ta rage ba, Baba kuma yakan wanke mota sau biyu a rana. In ba a sabunta ba, gida za mu koma, ni kuma in bar makaranta a tsakiya, domin karatun can da Faransanci ake yi, ban san ko harafi ɗaya ba.

Bishiyoyin dabino tara ne a lambun. Takwas Baba yana kiransu da wurin da suke tsaye, ta bakin ƙofa, ta gefen famfo, haka. Ta taran ita ce sukkari ɗin nan, dabino mai zaƙi da tsada, da ke kusa da tankin ruwa, wadda mijin Hajiya ya dasa da hannunsa kafin ya rasu, ita kaɗai ake ce wa "ta Marigayi". Baba ne yake hawa ya haɗa furen namiji da na mace, shi yake rage 'ya'yan in sun yi yawa, shi yake ɗaure kowane curi da igiya a jikin reshe don kada nauyi ya karya shi. In ya shigo gidan daga ko'ina, kafin ya rufe ƙofar mota sai ya ɗaga kai ya dubi saman bishiyoyin. Akwai doka a lambun tun zamanin Marigayi: abin da ke sama na masu gida ne, abin da iska ta kayar na mai kula da bishiya ne. Ba a rubuta ta ba, ba a kuma maimaita ta. Da ita muka girma. Da safe mukan fita da kwano mu tsince abin da ya zubo, Inna ta wanke, ta ware masu kyau don shayi, masu rauni ta dafa su ta tace ta zuba a kunu. Ban taɓa ganin Baba ya miƙa hannu sama ya tsinki ƙwaya ɗaya ya kai baki ba, ko da yana kan tsani tsakiyar curi, ko da azahar ta yi bai karya ba.

Kafin hutun zafi na shekarar, malamarmu ta Turanci, Abla Nura, ta rubuta wata kalma a allo: windfall. Ta ce ma'anarta alherin da ya faɗo wa mutum bai nema ba, bai kuma zata ba, kamar gadon da ya zo daga dangin da ba ka sani ba. Sai ta ja layi ta raba kalmar biyu, ta ce rabin farko iska ne, na biyu faɗuwa. Asalinta, in ji ta, 'ya'yan itace ne ko reshen da iska ta kayar. Ta ce ana ba da labari cewa a ƙasar Turawa a zamanin da, dazuka da gonakin itace na manya ne, talaka ba shi da ikon sara ko tsinka, amma in iska ta kayar da wani abu yana iya ɗauka ya kai gida. Daga nan kalmar ta tashi daga gindin bishiya ta koma kan kowace irin sa'a. Wata yarinya mai suna Rim, wadda ba ta barin darasi ya wuce ba ta sa an yi dariya ba, ta ɗaga hannu.

"Abla, in na ɗan girgiza bishiyar fa?"

"Wannan ma yana da suna da Turanci," in ji Abla Nura. "Za mu zo kansa in mun kai darasin 'yan sanda."

Aji ya ɗauki dariya. Ni ban yi ba, domin mamaki ne ya kama ni. Dokar lambunmu ce a kan allo, da haruffan Turawa. Na so in ɗaga hannu in ce Abla, a gidanmu har yau haka ake yi. Hannuna ya tashi daga kan tebur kamar taƙi ɗaya, sai na tuna in na faɗa za a tambaye ni gidan wa, in ce gidan da mahaifina yake aiki. Na mayar da shi na gyara mayafina. Na rubuta kalmar a bayan littafina, na zana ƙaramar bishiya a gefenta.

Mutum ɗaya na ba wa labarin, shi ne Kawu Lawali, ƙanen Inna. Yana aikin lodi a wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu, duk Juma'a yakan zo mana da ledar lemo ya wuni. Da shi kaɗai nake iya doguwar magana, saboda ba ya jira in gama kafin ya yi dariya, ba ya kuma kallon fuskata in ina magana. Shekararsa shida bai je gida ba, kuma a ƙarshen wannan zafin zai tafi. Muna zaune a inuwar tanki na nuna masa bayan littafin.

"Ashe Turawa ma almajiran Hajiya ne," in ji shi. "To, 'yar boko, in tambaye ki. Da iska da bishiya, in suna ma'amalarsu, wa yake tsayawa shaida?"

Na ce babu kowa.

"Babu kowa," ya maimaita, yana ɓare lemo. Ya ɗaga kai ya dubi ta Marigayi, wadda curinta suka fara yin rawaya. "Tsohuwa da bishiya tara, haƙori huɗu. Allah mai iko."

Na yi dariya. Ina so ku san wannan: na yi dariya, kuma ni na kawo masa maganar.

Iskar ta zo wata Juma'a bayan la'asar, dabino ya riga ya fara laushi. Baba ya kai Hajiya gidan ɗanta Nasir a Ulaya, ba za su dawo ba sai magariba. Sama ta yi ja, ƙofofi suka fara bugawa, Inna ta kwashe shanya ta tura mu ɗaki ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Kawu ya ce bari ya je ya duba kada tsani ya faɗa kan gilashin taga. Ya daɗe. Da iskar ta lafa muka fito, muka same shi a gindin ta Marigayi, rigarsa jiƙe da gumi, gabansa manyan robobin wankin Inna guda uku cike da sukkari, an riga an zage shi daga jikin karansa.

"Yaya, zo ki ga ikon Allah!" ya ce wa Inna. "Curi huɗu, rim, a ƙasa. Na ce kafin tururuwa su riga mu."

Inna ta riƙe baki tana salati. A iya sanina iska ba ta taɓa ba mu abin da ya wuce kwano biyu ba. Da Baba ya dawo, ya taimaka wa Hajiya ta shiga ciki, sannan ya zagayo ya tsaya a kan robobin. Kawu ya sake ba da labarin, wannan karon har da yadda ya ji ƙarar karyewar tun daga bakin ƙofa. Baba ya saurara. Ya ce, "Ikon Allah." Ya ɗauki buta ya tafi alwala. Abin da na lura da shi ƙarami ne. Bai ɗaga kai ba. Mutumin da ba ya rufe ƙofar mota sai ya dubi saman bishiyoyinsa, ranar da aka ce curi huɗu sun faɗo daga wadda ya fi ji da ita, ya wuce ta gindinta idonsa a kan butarsa. Washegari ma bai ɗauko tsani ba.

Inna ta shimfiɗa tabarmi a bayan ɗaki ta baza dabinon ya sha rana, don ya jure tafiya. An riga an yanke shawara ba tare da an zauna ba: Kawu zai tafi da shi gida. Ya fara lissafa waɗanda za su samu, kakarmu, limamin unguwarsu, gidan da yake neman aure. Ya ce mutumin da ya shekara shida a Saudiyya in ya sauka da dabinon kasuwa mai tauri, yara ma sai sun yi masa waƙa. Inna tana ta murna. Ban taɓa ganinta tana waƙa a wurin aiki ba sai a kwanakin nan.

Ranar Lahadi ta aike ni in zubar da ruwan wanke-wanke a bayan tanki. A can, tsakanin tankin da katanga, na ga karan curin an cusa su a ƙarƙashin busassun rassa. Na san yadda mariƙin curi yake in iska ta karya shi, domin na sha gani: yakan tsage ne, zare-zare, gefe ɗaya ya fi tsawo, kamar rake in an karya shi da gwiwa. Waɗannan an daddake bakinsu da dutse don su yi kama da haka. Amma dukan bai kai ko'ina ba. A uku daga ciki, ƙarƙashin dakan, ana ganin shatar lauje a karkace, sumul. Na huɗun ko dakan ba a yi masa ba, ina jin sauri aka yi. Igiyar da Baba yake ɗauri da ita tana jikinsu, ita ma ba tsinkewa ta yi ba, yanka ta aka yi. Can gefe kuma akwai wani ƙaramin curi na ta gefen famfo, wanda iskar ta karya da gaske, da 'yan ƙwayoyi a jikinsa, babu wanda ya kula shi.

Na tsaya da robar a hannu har Inna ta ƙwala kira. Kun san Inna ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari. "Ke! Rijiya kika tafi haƙawa?"

Kwana uku ina ɗauke da abin. Ba zan ce muku na yi ta tunanin halal da haram ba, ko da yake na yi kaɗan. Abin da ya fi damuna lissafi ne irin na yara. Hajiya ba ta zagayawa bayan tanki, ƙafafunta ba sa kai ta. In na yi shiru, Kawu zai tafi da tsarabarsa, a sabunta takardu, in koma makaranta. In na yi magana, Baba ba zai iya ci gaba da rashin ɗaga kai ba, kuma na san inda zai nufa in ya ɗaga. Amma akwai Nasir. Duk shekara shi ake fara aika wa sukkarin mahaifinsa, ya san yawan curin da bishiyar take yi, kuma ya daɗe yana gaya wa Hajiya ta kawo kamfani su riƙa kula da lambun, direba ya tsaya a tuƙinsa. In shi ya gano da kansa, babu wanda zai tambayi wane ne ya riƙe laujen. Ta kowace hanya na bi, sai in ga makarantata a bakin rami. A kwanakin nan ban iya cin dabinon ba. Inna ta ce ina da iyayi.

Ranar Laraba da safe, bayan Baba ya dawo daga masallaci ya zauna a tabarmarsa a ƙofar ɗaki, na kai masa shayi. A kan tiren, gefen kofi, na ɗora kara biyu: wanda iska ta karya, da na huɗun nan da ba a daka ba. Wannan ita ce duk ƙarar da na kai, kuma wurin mahaifina na kai ta.

Ya dube su ya daɗe. Ya ɗauki yankakken ya shafa bakinsa da babban yatsa. Sannan ya ɗaga kai, a karon farko tun Juma'a, ya dubi saman ta Marigayi.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa nake da shi, "wa ya gani bayan ke?"

Na girgiza kai.

"Je ki kira min innarki."

Suka shiga ɗaki su biyu. Ni ban shiga ba, amma ƙofar mulhaƙ ba ta tare magana. Inna ba ta musa ba, ko sau ɗaya ba ta ce ƙarya ne ba, daga nan na gane ita ma wataƙila ta yi nata rashin ɗaga kan.

"Malam, dabino ne fa. Ba zinariya ba ce. Rabinsa a sito yake ruɓewa duk shekara, da hannuna nake zubarwa."

"Nata ne ya ruɓe."

"Saura wata ɗaya a taɓa takardu. Wata ɗaya! Ka bari a sabunta mana, in ya so ka je ka yi waliyyancinka."

"In na bari aka sabunta, na ci amana sau biyu ke nan."

"To Lawali fa? In ta kira masa 'yan sanda? Yaron da ya yi jinyarka wata biyu lokacin da ka faɗo daga wannan bishiyar dai, yana tashi daga lodi ya zo ya ɗaga ka ya kwantar?"

"Ba zan ambaci sunansa ba."

"Sunan wa za ka ambata? Na iska?"

Baba ya tashi. Ya fito ya fara kwashe dabinon daga tabarmi yana mayarwa robobi. Ya ɗauki biyu, ya nuna mini ta ukun da haɓa.

Hajiya tana zaune a kujerarta mai taya a inuwar baranda, inda take shan gahawa kafin rana ta yi zafi. Muka ajiye robobin a gabanta. Baba ya cire hularsa, abin da ban taɓa ganin ya yi a gaban kowa ba, ya ɗora karan a kan dabinon. Larabcinsa na aiki ne, gajere, amma bai nemi in fassara ba. Ya ce wannan na bishiyar Abu Nasir ne, wato Marigayi, an ce iska ce ta kayar, shi ma ya karɓa a haka, amma ba iska ba ce, yanka aka yi.

Hajiya ta miƙa hannu, na ba ta karan. Ta kawo shi kusa da idonta.

"Wa?"

"Hannun ɗakina ne, ya Amma," in ji Baba, don haka yake kiranta da Larabci. "Laifin nawa ne."

"Na tambaye ka wa."

"Ɗakina," in ji Baba.

Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Ke ce mai idon?" Na sunkuyar da kai. Ta ajiye karan a cinyarta ta ci gaba da shan gahawarta har ta shanye, ta girgiza ɗan kofin, ta ajiye. Tsawon wannan lokacin muna tsaye. Sannan ta yi magana, ba da faɗa ba, da muryar da take cewa a kawo mota.

"Shekara goma sha bakwai ban taɓa ƙirga curi ba, ya Sani. Yanzu ka sa zan fara, kuma na tsufa da ƙirga. Ka kai wannan masallaci, ba na son ganinsa. Makullin ɗakin kayan lambu kuma ka ba Nasir in ya zo."

Baba ya ce, "Tayyib, ya Amma." Ya mayar da hularsa. Muka ɗauki robobin zuwa mota.

Ba ta ce komai a kan takardu ba, babu kuma wanda ya isa ya tambaya. Ranar Juma'a Kawu ya zo da ledar lemonsa, ya ga tabarmi a naɗe. Inna ta ja shi ɗaki. Da ya fito bai yi ihu ba. Ya tsaya a gaban Baba ya ce, "Malam, na gode. Allah ya ƙara tsoron Allah." Ya juyo wurina, ya yi murmushin da ban san shi da shi ba. "'Yar boko. Ashe an samu shaida." Ya ajiye lemon a bakin ƙofa ya tafi, ko abinci bai ci ba. Bayan kwana goma ya bar ƙasar. Bai zo sallama ba. Na ji daga baya cewa kwali biyu na dabinon kasuwa ya tafi da su, kuma Baba ne ya saya ya aika masa ta hannun wani direba, ya ce kada a faɗi daga inda suka fito. Ban sani ba ko Kawu ya gane. Har yau in ya kira waya yana gaisawa da kowa, in an miƙo mini sai layi ya lalace.

Makonni huɗun da suka biyo baya Inna ta fara haɗa kaya a ɓoye. Ina ganin tana ware tufafin da suka yi muku kaɗan tana ɗaurewa. Kamfanin Nasir ya zo, mutum uku da mota da doguwar na'urar hawa, suka sauke sauran dabinon cikin wuni ɗaya. Baba yana goge mota a lokacin. Ana saura kwana biyu a koma makaranta, saƙo ya shigo wayarsa cewa an sabunta iƙama, mu duka. Ya karanta, ya miƙa wa Inna. Ta karanta ta ce alhamdu lillahi, ta shiga ta kwance ƙullin kayan. Hajiya ba ta taɓa tayar da maganar ba, har yau.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Da yake dama ba ta kiran sunana, sai da na ɗan daɗe kafin na gane ta daina yi mini magana. Aike ya koma ta bakin Habibu: ka ce wa yayarka ta ɗauko kaza. Duk Alhamis takan yi mini kitso, sai Alhamis ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Na koyi kama gashina da kaina, na tafi makaranta da shi a cukurkuɗe ƙarƙashin mayafi har aka shiga sanyi. Wata Alhamis ina wanke kwanuka ta zo ta tsaya a bayana, ta ja mayafin ta duba.

"Dubi kai kamar sheƙar tsuntsu. Zauna."

Na zauna tsakanin ƙafafunta. Ta ja gashin da ƙarfi fiye da yadda ta saba, hawaye suna zubo mini ban yi motsi ba. Sai da ta kai rabi ta ce, "Idonki ya cika gani. Ban ce ki daina ba. Amma ki sani duk abin da kika gani, wani ne zai biya." Daga ranar aike ya dawo kai tsaye.

A jarrabawar ƙarshen zangon kalmar ta fito, an ce a ba da ma'anarta a sa ta a jimla. Na rubuta ma'anar yadda Abla Nura ta koyar. Wurin jimlar na daɗe ina kallon takarda, sannan na rubuta wani abu a kan mutumin da ya ci gadon kawunsa, irin wanda kowa ya rubuta.

Abin da ya rage shi ne katanga. Hajiya ba ta taɓa cewa ta janye dokar Marigayi ba. Amma dokar ta ce abin da ya faɗo na mai kula da bishiya ne, Baba kuwa ya daina kula da su, bai kuma je ya tambaya ko har yanzu da shi a ciki ba. Mutanen kamfani suna zuwa sau biyu a mako su share abin da ya zubo tare da ganye su zuba a baƙar leda. Tsakanin zuwansu dabino yana faɗowa a kan hanyar da ke zuwa gareji. Baba ba zai iya taka abinci ba, ba zai kuma iya wuce shi a ƙasa ba. Shi ya sa yake ɗauka ya hure ya ɗora a kan katanga. Har yanzu in ya fito daga mota yana ɗaga kai. Wani lokaci nakan ga leɓensa yana motsi in ya ga curin da ba a ɗaure da kyau ba, amma ba ya gaya wa kowa.

Zahra'u, bara da zafi na gan ki. Kin jawo bokiti kin kife, kin hau, kin ɗauki guda biyu daga kan katangar, kin cusa ɗaya a baki kin ɓoye ɗaya a aljihu don Habibu. Kina tsammani babu wanda ya gani. Ina bakin taga. Baba ma yana tsaye a gefen mota da tsumma a hannu, tsakaninku bai fi taku biyar ba. Ya dube ki har kika sauko. Sannan ya juya ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya goge.